Kambi Biyu a Motar Yaya Misbahu

Goggo Lami,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Kaka? Mu a Hyattsville lafiya lau, barci ne dai ya yi mini wuya.

A makaranta an nuna mana bikin wani matashin sarkin Girka da ya yi aure a shekarar da ya hau mulki. A cocinsu ana ɗora wa ango da amarya kambi. Goggo, jiya na ga kambi biyu a motar Yaya Misbahu. Ya ce, "Na wasan kwaikwayo ne, sarkin tambaya." Amma Eleni, 'yar maƙwabtanmu Girkawa, ta fara durƙusawa in za ta gaida Umma.

Ban gaya wa Baba ba. Don Allah ki kira Yaya, ke ba ya iya yi miki ƙarya. Allah ya ƙara girma.

'Yarki,
Kausar