Furannin Bangon Ɗakin Gimbiya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Allah Ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan, Ya ƙara rufa asiri. Mu ma muna nan. 'Yarmu Babba ta gama jarrabawa, tana gida tana cika mana kunne da rediyo, Auta kuma haƙoranta na gaba sun zube, ta daina dariya a gaban baƙi. Aiki a shago sai godiya. Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Gidan nan babu lungun da mutum zai yi magana kunne bai ɗauka ba, kuma na gwada a shago, muryata ta ƙi kai ni ƙarshen zancen.

Maganar ƙanwarki ce, matata Gimbiya. Ciwon cikin da take fama da shi tun bara, wanda muke ta cewa gyambon ciki ne, an yi mata hoto da gwajin jini. Ranar karɓar sakamako ba ta jin daɗi, sai na je ni kaɗai. Likita ya zaunar da ni, ya ce ƙari ne a cikinta, sai an yi tiyata an cire, kuma ba abin da za a bari ya kwana biyu ba ne. Ya ce in kawo ta ya yi mata bayani. Na ce ya bari ni zan faɗa mata, matata ce, na fi kowa sanin yadda ake shigar mata da magana. Yaya, kin san mahaifiyarta ɗakin tiyata ta shiga ba ta fito ba, kuma kin ji rantsuwar da Gimbiya ta yi a lokacin, cewa ita da wuƙar likita har abada. Da na dawo gida na tarar da ita a bakin ƙofa tana jira, sai na ji bakina yana cewa ba wani abu ba ne, magani kawai za a ci gaba da sha.

Shekara da shekaru tana yi mini gori cewa na ƙawata bangon otal-otal da gidajen mutane da furanni, ita kuwa ɗakinta fari fat kamar na asibiti. Sai na ce bari in yi mata yanzu, ko ta sami abin kallo idan tana kwance, ni ma in sami abin da zan sa hannu in daina tunani. Na mayar da ita ɗakin yara, na kulle ƙofa, na hana ma'aikatana taɓa ko burushi. Ba yabon kai ba, kin san ba a makaranta na koyi aikin nan ba, da rubuta lambar shaguna na fara, amma a yau duk wanda yake son fure a bango ya yi kamar za a tsinko shi, ni yake nema. Furannin baya ake fara yi, a tsinka fentin, a ɗan sa masa shuɗi, a bar gefensu dishi-dishi don su yi nisa. Na gaba kuma a fito da su tsaf, ganye ya hau kan ganye, a zurfafa tsakiyar furen da duhu, a sa inuwa ƙarƙashin kowane lanƙwasa. Haka na yi, kuma da na sauko daga tsani na duba, na ce a raina ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba.

Da safe muka shigo da ita, Auta ta hau kujera ta rufe mata ido. Da aka buɗe, yaran suka hau tafi, Babba har da cewa a ƙarshe dai Baba ya tuna da gida. Gimbiya kuwa ta ƙura wa bangon ido. Ta daɗe a tsaye, sannan ta aiki yaran su duba mata tukunya, ta tura ƙofa. Ta tambaye ni ta ina haske yake shigowa ɗakin nan. Na nuna mata taga a hannun dama. Ta ce to me ya sa na sa hasken a bayan furannin, fuskokinsu duk suna cikin inuwa. Ta tambayi abin da ya kai toka-toka cikin ruwan hoda, da dalilin da ya sa a duk bangon nan babu fure ko ɗaya da ya ɗaga kai, kowanne ya sunkuya. Wallahi Yaya sai da ta faɗa na gani. Ni da hannuna na yi su, ban lura ba.

Na ce mata salo ne, haka ake ba zane zurfi. Ta yi 'yar dariya, ta kira ni Sarkin Fenti kamar yadda take yi idan za ta kayar da ni, ta ce wannan bayani in ajiye wa masu otal. Ta ce ita ta wanke mini burushi tun ina da guda ɗaya, ta san furen da nake yi idan raina fari ne, rawaya da ruwan goro, a buɗe, suna kallon sama. Irin waɗannan kuwa sau ɗaya ta taɓa gani, lokacin da Babanmu yake kwance a asibiti, har wani mai gidan abinci da na yi wa aiki ya sa na sake masa bango don ya ce mutane sun daina cinye abincinsu. Daga nan ta dube ni ta ce me likita ya faɗa mini.

Na yi abin da na iya, na ɗaga murya. Na ce mutum ya kwashe kwanaki yana shaƙar fenti don ya faranta mata, abin da zai samu ke nan. Ta kwaso kayanta ta dawo ɗakin, ta juya gado ya fuskanci bangon. Kwanakin da suka biyo baya ba na so in sake ganin irinsu. Za ta kawo mini abinci, ta yi mini sannu da aiki, ta koma ta zauna tana kallon furannin nan. Yara suka fara tafiya a hankali cikin gida. Da abin ya ishe ni na shigo da bokitin farin fenti zan shafe, sai ta tashi ta tsaya a gaban bangon. Ta ce in na shafe, gobe za ta shiga mota ta je ta tambayi likitan da kanta, in zaɓa ko daga bakina za ta ji ko daga bakin bare.

Na ajiye bokitin na faɗa mata duka. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ci gaba da ninke kayan Auta har ta gama, sannan ta ce ta gode, amma tiyata ba za ta yi ba. Na kawo mata maganar yara, ta ce kada in sake sa yaranta a cikin ciniki. Na ce aikin likitoci ya ci gaba, ba kamar na lokacin mahaifiyarta ba ne, ta ce haka aka faɗa musu a lokacin ma. Jiya likita ya sake kirana, ya ce duk makon da ya wuce aikin ƙara wuya yake yi. Abinci ma yanzu cokali kaɗan take ci ta ture, zobenta har ya fara yi mata yawa.

Yau da safe, ina ɗaura takalmi, ta ce mini abu ɗaya. Ta ce ke kika riƙe hannunta a haihuwar Babba lokacin da kowa ya ruɗe, kuma ba ki taɓa yi mata ƙarya don ta ji daɗi ba. Idan kika zo kika dubi idonta kika ce ta shiga, kuma kika raka ta har bakin ƙofar, za ta duba maganar. Ba ta ce ta yarda ba, ta ce za ta duba. Iyakar abin da na samu ke nan, kuma ba ni da wani. Na san nisan hanya, na san gwiwarki, na san hidimar gidanki. Duk da haka ina roƙonki ki taso cikin makon nan. Ki roƙar mini maigidanki ya yi haƙuri ya bar ki, zan kira shi da kaina in ya so.

Ki gaishe shi da kyau, ki gaida Dogo da matarsa da jaririnsu, da 'Yar Baba, da Gwaggo idan kin leƙa ta, amma kada ki faɗa mata komai tukuna. Babba da Auta suna gaishe ki, su ma ba su sani ba. Kuma don Allah kada ki kira Gimbiya a waya. A waya za ta ce miki lafiyarta ƙalau, har ta ba ki dariya, ki ajiye kina ganin na cika zuzuta abu. Ki zo ki gan ta.

Ƙanenki,
Mai Fenti