Ƙugin Akwatina da Sunan Shekari

Trikania, Kaduna
14 ga Oktoba, 1985

Zuwa ga Yayana Filibus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da matarmu Celina da yara duka. Ina roƙon Allah ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan, ya sa accar bana ta yi albarka. Mu a nan muna lafiya daidai gwargwado. Mai ɗakina Asabe tana fama da tuyar ƙosai a bakin hanya, 'yarmu Comfort kuma tana zuwa koyon tafireta. Ni ina nan a masaƙa a Kudenda, kullum ana rage mutane, kowa yana jiran ranarsa. Na gaji, Yaya, amma ba gajiya ce ta sa na ɗauki biro ba.

Maganar Shekari ce, saurayin Comfort mai gyaran rediyo, wanda na rubuto maka da damina na ce ɓarawo ne. Kun ɗauki maganata, kuka sallami kawunnansa da suka zo muku Pankshin da kayan gaisuwarsu a hannu. To, Shekari bai ɗauki komai nawa ba. Bari in gaya maka yadda aka yi, don ka san irin wautar da na jawo ka ciki.

Ka san ni da son faifai. Da injiniyanmu Bature zai koma ƙasarsu, ya sayar mini da garmahonsa, haɗe da wani ƙaramin akwati da ke ɗaga muryar allura kafin ta kai lasifika. A cikinsa akwai bawul, waɗannan 'yan kwalabe da ke yin ja idan sun ɗauki zafi. A gidan Baturen na ji shi, murya tas, har numfashin mawaƙa kana ji. Da na kawo shi ɗakina sai ƙugi, kamar tirela ta tsaya a ƙofa an bar ta a kunne. Na canza wayoyi. Na kashe fanka, na kashe dogon ƙwan lantarki. Na kafa ƙarfe a bayan taga, na ɗaura masa wayar ƙasa, ina ba shi ruwa kamar mai rainon gwanda. Maƙwabcina Benson, mutumin Binuwai, ya leƙo ya tambaye ni ko injin niƙa na buɗe, wai madam ɗinsa tana da wake a jiƙe.

Sai na kai wa Shekari akwatin. Ya jona shi a teburinsa, a gabana, ko tari bai yi ba. Ya ce mini lafiyarsa ƙalau, shi dai bai ga abin gyara ba, amma in bar shi ya ƙara dubawa. Na bar masa shi, daga baya na karɓo, na dawo gida, ƙugi ya dawo. Na mayar, aka sake yin haka. Ran nan na kwance murfin da kaina, sai na ga rubutun jikin bawul ɗaya ya bambanta da na sauran. Nan take zuciyata ta gama shari'a: ya cire na Bature ya sa mini tsoho, in na je shagon ya yi mini dabara. Ban tambaye shi ba. Ranar Lahadi bayan sujada, a gaban zumuntar maza, na faɗa da ƙarfi cewa Shekari ɓarawo ne. Abin da ya ce kawai, shi bai taɓa ba, kuma ba zai yi musu da uban Comfort a bakin coci ba. Ni kuwa na ɗauki wannan ladabi a matsayin rashin gaskiya.

Tun kafin wannan na riga na rubuta wa kamfanin da ya ƙera akwatin, a Ingila, don adireshinsu yana manne a baya. Sai da na cire rai sannan suka aiko da wani kati bugun inji, suna gode mini da na zaɓi kayansu, wai in kai wa wakilinsu mafi kusa. Wakilin nasu mafi kusa kuwa yana can ƙasarsu. Na sake rubutawa da zafi, na faɗi maganganun da ba zan so fasto ya gani ba, na kuma kwafe musu lambobin da ke jikin bawul ɗin. Wannan karon wani dattijo ne da ke haɗa akwatunan da hannunsa ya amsa. Ya ba ni haƙuri a kan katin. Ya ce bawul ɗin da nake zargi nasu ne, haka ya bar hannunsu, don daga wurare dabam-dabam suke sayowa. Ya sako mini sabo guda a cikin auduga, kyauta. Sannan ya tambaye ni a kan me akwatin yake zaune, domin duk abin da ke da babban taransifoma a ciki, in ya matso kusa, zai sa shi ƙugi. Har yau ina jin haushin jinkirinsu, amma gaskiya ba su ne suka tura ni bakin coci ba. Ni ne ban jira ba.

Yaya, a kan sitabilaiza yake zaune, ita kuwa babban taransifoma ne a cikinta. Ka san yadda wuta take a nan, yanzu ta hau yanzu ta sauka, don haka duk mai abu mai daraja sai ya sayi wannan ƙaton ƙarfe don kada kayansa su ƙone. Ni da hannuna na ɗora akwatin a kansa tun ranar farko, don kada ya taɓa ƙasa, Asabe ta lulluɓe su biyun da ƙyallen saƙa mai kyau. Duk zuwan da na yi shagon Shekari, akwatin kaɗai nake ɗauka, in bar mai laifin a gida. Da na ɗaga shi na mayar kan kanta, ɗakin ya yi tsit. Comfort tana tsaye da tire a hannu. Ta dubi akwatin, ta dube ni, ta ajiye mini abinci ta fita. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na je wurin Shekari. Ya kira ni Baba kamar kullum, ya share mini benci. Da na gaya masa sai ya yi 'yar dariya, ya ce shi ma abin bai taɓa faɗo masa ba, da ya sani da ya biyo ni gida tun farko. Ya ce ya yafe. Amma na ga kantarsa da idona, rabinta babu komai, domin mutanen cocinmu sun kwashe rediyoyinsu. Ya kuma gaya mini kawunnansa a Zonkwa sun ce ba za su sake hawa hanyar Pankshin ba sai an aika musu, har sun fara yi masa maganar wata yarinya a gida. Jiya na tashi a zumuntar maza na janye maganata, a wurin da na faɗe ta. Wannan ɓangaren nawa ne, na yi. Sauran yana hannunka.

Na san tun farko wasu a gida ba su so Comfort ta auri wanda ba yarenmu ba, ni kuma na miƙa musu dalili. Ina roƙonka ka tara duk waɗanda aka karanta wa takardata ta farko, musamman Baba Ernest, ka karanta musu wannan, kada ka tsallake ko layi ɗaya don rufa mini asiri. Sannan a aika Zonkwa tun kafin su tsayar da magana a wani gidan. In an sa rana zan bi ɗan aiken, ko masaƙa ta ba ni hutu ko ba ta ba ni ba. In kawunnansa sun ce sai na durƙusa, zan durƙusa.

Ka gaishe mini da matarmu Celina, da Inna Hannatu, da Sunday da amaryarsa, da Judith. Asabe tana gaishe ku ƙwarai. Comfort ba ta ba ni saƙo ba, ban kuma ga fuskar tambayarta ba. Ka rubuto mata kai tsaye, da sunanta a bayan ambulan.

Allah ya tsare mana ku.

Ni ne ƙanenka,
Istifanus