Auta Ya Koyi Cewa A'a

Zuwa ga babbar ɗiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Allah ya ƙara muku zaman lafiya, ya raya mana yaran nan cikin albarka. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar babanki ta yi sauƙi har ya koma zaman shago, ko da yake rabin wunin gyangyaɗi yake yi. Goggonki ta zo mana kwana biyu ta koma, ta bar mu da ƙarar surutunta a kunne. Na zauna rubutun nan ne saboda kaina ya kulle, ko in na zuba maganar a takarda zan ga bakin zarenta.

Maganar ƙaninki Auta ce, da karatun nan da kika matsa sai da muka sa shi a cibiyar koyon sana'a. Jarrabawarsu ta matso. In ya ci za a ba shi takardar shaida, kuma mai gidan burodin bakin titi ya yi alkawarin ɗaukarsa aikin sa burodi a leda. Kin sani, tun zazzaɓin da ya taɓa masa kai yana ƙarami ban taɓa barin ya ɗora ko ruwan zafi da kansa ba, ga shi yau har gemu ya fito masa. To yanzu kullum bayan la'asar muna falo muna bita, ni da tabarau ina karanta tambaya, shi yana amsawa. Na ɗauka karatu ne irin naku na da, sai na tarar wai yadda ake guga ne, da dafa shayi, da yadda mutum zai kira asibiti ya nemi ganin likita. Na ce da babanki yau ga ikon Allah, wanke hannu ma ya zama abin jarrabawa.

Ranar farko na tambaye shi, in maɓallin rigarsa ya cire me zai yi. Ya ce zai ba Mama. Na ce daidai, na wuce. Washegari ya dawo fuska a murtuke, wai malamarsu ta ce bai ci ba. Ni kuwa har yau ban ga laifin amsar ba, tun da abin da ake yi ke nan a gidan nan. Na je na same ta. Mace ce mai haƙuri, ta ba ni kujera, ta ce ba haddar amsa ake nema ba, so ake hannunsa ya iya. Ta roƙe ni in daina fitar masa da kayan da zai sa. Na bari. Ranar ya fita da riga a baibai, na ƙyale shi ya tafi haka, amma ko abincin rana bai wuce mini da daɗi ba.

Sai muka zo darasin da ya fi rikita ni, wai buri na kusa da buri na nesa. Ni ban taɓa sanin ana auna buri da tafiya ba. Na tambaye shi na kusa, ya ce ya soya ƙwai bai ƙone ba. Da na tambayi na nesa, ina jira ya ce keke ko sabuwar waya, sai ya ce ɗaki yake so nasa na kansa, mai makulli, makullin kuma a aljihunsa. Wallahi saura kaɗan takardar tambayoyin ta suɓuce mini. Na ce malamar ce ta sa masa wannan a baki? Ya ce a'a, tun ranar da kika tafi ya so a ba shi ɗakinki, muka mai da shi na ajiyar tarkace, ba wanda ya tambaye shi. Shekaru nawa ke nan, ki duba, ina kwana ina tashi da yaron nan ban sani ba.

An kuma koya musu yadda ake cewa a'a cikin ladabi, don kada a taka su a wurin aiki. To ni ce na zama wurin gwaji. In na miƙa hannu zan gyara masa wuyan riga, sai ya ja da baya ya ce ya gode, amma a'a. Babanki ya yi ta dariya har da tari, yana cewa ai yaro ya ci jarrabawa tun ba a shiga ba. Ni ban ga abin dariya ba.

Babbar maganar ita ce, dole ya hau bas shi kaɗai ya je cibiyar ya dawo, wannan ma cikin jarrabawar ne. Satin da ya wuce ya yi gwaji. Na raka shi da ido har ya hau, sai zuciyata ta ƙi zama. Na hau wadda ke bayanta, a tunanina duk hanya ɗaya suke bi. Ashe ba haka ba. Ta kwashe ni sai wata unguwa da ban taɓa takawa ba, duk masu walda da masu kayan mota. Na sauka na yi ta bulayi, kunya ta hana ni tambaya, har ƙafata ta gaji. Can wayata ta yi ƙara. Auta ne, ya je ya dawo bai gan ni a gida ba. Da na gaya masa na biyo shi na ɓata, ya ce in tsaya inda nake in karanta masa sunan shagon da ke gabana. Bai gane wurin ba, sai ya kai wa maƙwabcinmu direba wayar, suka zo tare suka ɗauke ni. Sai da muka shiga gida ya ce, in na sake bin sa ranar jarrabawa, malamar ta ce ya faɗi ke nan, kuma ni ce na kayar da shi.

Daga baya direban ya tsegunta mini cewa shi ma Autan ya wuce wurin saukarsa, ya zauna a bakin titi ya sha kukansa, sannan ya tashi ya tambayi wata mai shago ta nuna masa hanya. Ni bai gaya mini ba. To kin gani, tsorona ba na banza ba ne, ya ɓata ɗin. Amma kuma ya dawo da ƙafarsa. Wanne zan kama a ciki? In na ɗaga hannu zan yi masa addu'a sai in rasa ta cewa. In roƙa masa sa'a, gabana ya faɗi. In yi shiru, kunyar kaina ta kama ni. Ƙarshe dai in ce Allah ya zaɓa mafi alheri, in shafa.

Babanki yana gaishe ki, haka kawunki tela da matarsa, da Goggonki da ta ce kin manta da ita. Auta ma yana gaisuwa. Ki gaishe mini da maigidanki da surukarki, ki shafa mini kan yaran.

Abu ɗaya nake roƙonki. Jarrabawar ranar Talata ce da safe. Da hantsi ya fito ki kira ni, ki riƙe ni da hira, ki ba ni jikokina ɗaya bayan ɗaya su yi mini shirmensu. In na ce miki zan leƙa waje in dawo, kada ki yarda, ƙarya nake yi. Kada ki kashe wayar sai kin ji sallamarsa da kunnenki.

Allah ya yi miki albarka.

Ni ce,
Mahaifiyarki