Taswirar Tsohuwar Unguwarmu

Wagadugu, 9 ga Maris

Zuwa ga Gwaggo Ni'ima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida duka a Kano. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan lafiya lau muke, ƙanenki Baba yana gaishe ki.

Gwaggo, taimako nake nema. Bana zan gama jami'a, kuma dole kowa ya rubuta kundin bincike. An ba mu ɗalibai damar shiga wani ɗakin karatu na intanet, kyauta. Ina cikin dube-dube a ordinatur ɗina, abin da ku a can kuke ce wa kwamfuta, sai na ci karo da hoton unguwar Zangouettin da aka ɗauka daga jirgin sama kafin a rushe ta. Ni da aka haifa bayan rusau, ranar na fara ganin unguwarmu. Akwai wata manhajar zana taswira da muke koyo, na ɗora tsohon hoton a kan taswirar yau, sai ga lunguna sun fito a ƙarƙashin manyan benayen nan.

Na kai wa malamina. Ya ce rufin kwano kawai yake gani, ba mutane. Ya ba ni wata biyu in samo masu faɗin gidan wane ne wannan, na wane ne wancan, in ba haka ba in canja batu. Na je wa Baba da murnata, bai ko kalli hoton ba. Ya ce abin da aka rushe an rushe, ya sa takalmi ya fita. Na yi kuka ranar.

Don Allah ki riƙa yi mini saƙon murya. Ki faɗi duk abin da kika tuna, ko da sunan mai ƙosai ne.

'Yarki,
Khairiyya

Wagadugu, 14 ga Afrilu

Gwaggona,

Ina gaisuwa da fatan alheri, Allah Ya ƙara sauƙi. Saƙonninki sun iso, Allah Ya saka da alheri.

Sai kin yi dariya. Akwai manhajar da ke mayar da magana rubutu, da ita muke kama darasi in malami yana sauri. Na sa mata muryarki, ta ɗauka Faransanci kike yi. Inda kika ce gidan Alhaji mai goro, ta rubuta wani abu game da tashar jirgin ƙasa. Ni da ƙawata Su'ada muka yi ta dariya har mai gidan abincin da muke zama a unguwar Zogona ya leƙo. Dole na rage saurin muryar, na rubuta da hannuna.

Su'ada ce ta ba ni shawarar in buɗe taswirar yadda duk mai waya zai iya taɓa gida ya sa suna. Na tura ta zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan unguwa. Gwaggo, ban yi zato ba! Daga Maraɗi, daga Abidjan, har daga Makka mutane suna sa sunayen gidajensu. Inna Indo, wadda kika ce tare kuka yi makarantar allo, ta kwana uku tana musu da Malam Isiyaku tela a kan inda rijiya take. Daga baya aka gano rijiyoyi biyu ne, kowa da gaskiyarsa. Yanzu gida tamanin da ɗaya ke da suna, kuma malamina ya ce in ci gaba.

Abu ɗaya ke damuna: namu gidan babu. Kwatancenki ya dace da rufi biyu a bayan masallaci, ban san wanne ba ne, kuma ba zan sa abin da ban tabbatar ba. Baba yana cikin zauren, yana ganin komai, amma bai sa sunan gida ko ɗaya ba.

Taki,
Khairiyya

Wagadugu, 30 ga Yuni

Gwaggo abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Albishirinki!

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina aiki a tsakar gidanmu na unguwar Bilbalogho, Umma ta kira ni in sauke mata tukunya. Na dawo na tarar da Baba zaune a kujerata, ya sa tabarau, hancinsa kusan a jikin gilashin. Na tsaya cik. Bai juyo ba ya ce, "Ƙara mini girman nan wurin." Na ƙara. Ya ce ni da ke duk mun ɓata, ba ɗaya daga cikin biyun ba ne, na ukun ne, mai ɗan duhu a tsakiya. Duhun nan bishiyar mangwaro ce da Kaka ta shuka. Ya daɗe da yatsa a wurin. Daga nan ya kama lungun gida-gida, wa ke ciki, wa ya auri wa, ni kuma ina rubutawa. Har aka kira la'asar bai tashi ba.

Ranar Talata na kare kundin a gaban malamai uku. Baba ya zo da babbar riga, ya zauna a layin gaba. Da wani malami ya nuna taswirar ya kira wani fili kasuwa, sai ga hannun Baba a sama kamar ɗan aji ɗaya. Ya ce a yi haƙuri, wannan filin ƙwallo ne, shi ne ma mai tsaron gida. Ɗakin ya kwashe da dariya, malamin ya gode masa ya gyara. Na ci, Gwaggo, da yabo mai kyau, kuma za a ajiye taswirar a ɗakin karatun intanet ɗin don kowa ya gani.

Ga kwafi nan Baba ya sa na buga miki a babbar takarda. Jan zagayen da za ki gani shi ya yi da kansa. Ya ce ɗakinki ne, kuma a gaya miki shi ya fasa madubinki a shekarar da aka yi miki aure, ba akuya ba. Yana neman gafara.

Ki gaida kowa da kowa. Allah Ya sada mu da alheri.

'Yarki mai ƙaunarki,
Khairiyya