Yatsa na Biyar

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya hannun, rawar ta yi sauƙi? Ina fatan kana shan maganin ba sai Yaya ta tsaya a kanka ba. Ina gaida Mama.

Baba, an jefa ni cikin aikin da ban iya ba. Malamin zane ya bar makarantarmu, shugaba ya duba hagu ya duba dama bai ga wanda zai ɗora wa ba sai ni, wai ai 'yar mai fenti ce. Na ce masa shekara tara ina koyar da lissafi, ko kaza na zana sai an tambaye ni mece ce. Ya ce a jini yake. Yanzu duk Laraba yara hamsin da takwas ne ke zuba mini ido, ni kuma ina ta zagaye tebur kamar mai neman makulli.

Makon farko na sa su zana murabba'i da rula. Suka yi, amma har na gaba suna hamma. Yarinya ɗaya ce kawai ta mayar da nata taga, da labule da kyanwa a zaune. 'Yan ajin suna kiranta Kafinta, don kullum fensirinta na maƙale a bayan kunne irin na mahaifinta. Ba ta da surutu, amma hannunta ba ya hutawa.

Don Allah ka faɗa wa Yaya ta rubuto mini abin da zan sa su yi. Kai da ka yi shekara arba'in kana rubuta allunan shaguna ba za ka rasa dabara ba. Kwali muke da shi, da gam, da fenti kala uku.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki? Takardarka ta iso da rubutun Yaya, na kuma ji faɗan da ka yi a kan rular.

Dabarunka sun ci. Mun shafa wa ganye fenti mun danna a takarda, ajin ya zama daji, rigata ma ta samu rabonta. Mun jera murafun kwalba sun zama kifi. Tela na bakin titi ya ba mu buhun ƙyallaye, har yana tambaya ko mu ma shago za mu buɗe. Sai na zo kan ta ƙarshe, wadda ka ce kowa ya ɗora hannun wani na gidansu a takarda, ya zagaye shi da fensir, ya cika cikin da abin da mutumin yake aiki da shi. A nan na yi ɓarna, kuma ita ce ta hana ni sakat.

Ka san halina da jan biro. Na tara takardun a ofis ina dubawa da sauri kamar jarrabawa. Na zo kan ta Kafinta: babban hannu, cike da askin katako, an nannaɗe shi an manna ɗaya bayan ɗaya. Maimakon in tsaya in kalla, sai na ƙirga. Yatsu huɗu. Na ɗauka tsallakewa ta yi, na zana na biyar da ja, na rubuta mata a ƙasa cewa ta riƙa lura.

Da na raba takardun ta daɗe tana kallon tata, ta ninke ta saka a jaka. Tun ranar fensirin ya bar kunnenta. Laraba biyu ke nan tana ba ni farar takarda, in na tambaya ta ce ba ta iya ba.

Jiya mahaifinta ya zo gyara mana benci. Na tsaya gaishe shi yana riƙe da guduma, sai idona ya sauka a hannunsa na dama. Baba, babu yatsan manuni. Injin yanka katako ya cire shi tun kafin a haife ta. Ashe ya ga takardar, don dariya ya yi ya ce likitoci sun kasa mayar masa da shi, ga Malama ta mayar kyauta. Ni ban iya dariyar ba, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na kira yarinyar na ba ta haƙuri. Ta ce babu komai, da irin muryar da yara ke yi wa manya idan suna so a sallame su. Na kawo mata sabon fensir, ta yi godiya ta ba ƙawarta. Tun safe na kasa zama wuri ɗaya, na share ofis sau biyu. Tsorona kada yarinyar nan ta daina zane saboda ni. Ka faɗa mini yadda zan yi.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Babana,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Mama da Yaya. Allah ya ƙara sauƙi.

Da na buɗe ambulan ban ga rubutun Yaya ba, sai hannunka. Shekara uku rabonka da riƙe alƙalami, amma ka ɗora hagunka ka zagaye shi da kanka, ka ɗiɗɗiga masa ragowar fentinka. Layin duk ya karkace, babban yatsan kamar guda biyu. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Na kuma ga abin da ka rubuta a baya, cewa in sake zana shi da kyau kafin yara su gani, kada su yi wa tsohon mai fenti dariya. Ka yafe mini, wannan karon ban bi maganarka ba.

Yadda yake na manna shi a tsakiyar allo. Na ce musu hannun babana ne, shi ya rubuta rabin allunan titinmu, yanzu hannun yana rawa. Na fito da jan biron na jefa a aljihun tebur a gabansu, na rufe. Ina magana ina satar kallon bencin baya, Kafinta kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba. Na ce shi ke nan, na rasa ta.

Da aka tashi kowa ya fita, sai ta zo ta tsaya gaban allon, hannu a baya. Ta bi layin da ido tun daga wuyan hannu har ƙarshe, sannan ta ce, "Malama, ba za ki gyara masa ba?"

Na ce, "A'a, haka hannunsa yake."

Ta juya ta tafi. Kwana shida ina zullumi, ina leƙa ajinsu ba dalili har malaminsu ya fara tambaya ko wani abu na yar.

Yau Laraba na shiga na tarar an riga ni. A gefen hannunka an manna wani sabo, babba, cike da askin katako, gam ɗin ko bushewa bai yi ba. Tana zaune a wurinta, fensir a bayan kunne, tana kallona ta ga abin da zan yi. Ka san hali, sai da na ƙirga. Huɗu ne, Baba, kuma daidai ne.

Ka ci gaba da shan magani, kuma ka aiko mini da na daman.

'Yarka mai ƙaunarka,
Auta