Shingen da Ya Kauce wa Gwaiba

Zuwa ga yayata, Manang Cherilyn,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya aikin kanti, ya zafin Valencia? Tarin nan ya sake ki kuwa? Iyayenmu Nanay da Tatay lafiya lau, kakarmu Lola ma ƙafa ce kawai ke damunta.

Manang, akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Fada a coci. Ina jin ina son Renante, ɗan gidan dattijon nan Nong Isko na ƙetaren rafi. Don Allah kar ki yi dariya.

Bayan tafiyarki Tatay ya rushe ɗakin aladu, ya ce ya daina kulle dabba a kan kashinta. Yanzu a fili suke, cikin shingen gora. In sun cinye ganyen dankali sun tone wuri har ƙasa ta fara caɓewa, sai a cire shingen a kai gaba, a bar wancan rana ta gasa shi tsutsa ta mutu, sannan mu shuka masara. Aikin mutum biyu ne, kuma tun farkon damina Renante ne na biyun. Ba wanda ya kira shi, ba ya kuma karɓar komai sai shinkafa da busasshen kifi.

Ke ma kin san abin da ake nufi a garinmu in saurayi ya zo yana yi wa gidan yarinya aiki kyauta. Da Lola ta hango shi sai ta ce, "Ga surukin aladu nan, a ba shi kujera." Tatay kuwa ya ce zancen tsofaffi ne, aladun yaron ne ke mutuwa a kan siminti, koyo ya zo yi. Wa zan gaskata? A littattafan da kika bar mini, fure namiji ke kawowa, ya kafe mace da ido. Shi adda yake kawowa, kuma bai taɓa ce mini komai ba sai, "Inday, riƙe nan," sunan da ake kiran kowace yarinya da shi. Ran nan ina riƙe da gora hankalina ya tafi, jar uwar aladun nan ta kutso ta zubar da ni a taɓo. Ya ɗaga ni bai yi dariya ba. Wannan alama ce, ko tarbiyya ce kawai?

Sai maganar gwaiba. Ranar Talata layin shinge ya faɗo daidai kan gwaibar da kika dasa, kin kuwa san aladu da saiwa suke farawa. Tatay ya ce a bar musu, ai ba ta cika 'ya'ya ba. Sai Renante ya koma rafi ya saro gora, ya karkata shingen ya zagaye ta, har rana ta take. Tatay na ta mita wai an ɓata masa layi. Ni kuwa daɗi ya cika ni, don a gindinta nake zama in yi karatu, kuma ya sha ganina. Ina cikin wannan daɗin na ji yana tambayar Nanay, "Ba Cherilyn ce ta dasa ta ba?" Ko Manang ɗin da ake girmama yaya da shi bai ce ba, sunanki ya kira gatsau.

Tun ranar kaina ya ɗaure. Gwaiba taki, inuwa tawa, aladu na Tatay. Don wa ya saro goran?

In akwai wani abu tsakaninku, ki faɗa mini kafin bikin gari, kafin in sa shuɗiyar rigata in zama abin dariya. Ba zan yi fushi ba. Ina jin dai ba zan yi ba. Tatay yakan ce ƙasar da aka tone hutu kawai take so. Ban sani ba ko haka mutum yake.

Da niyyata in gama rubutun nan in cusa shi a murhu. Amma gobe Renante zai raka motar aladu zuwa Valencia, ɗazu ya zo yana murza hularsa, wai ko akwai saƙo zuwa wurinki. Nanay ta ce babu, ya ƙi tafiya. Har yanzu yana bakin ƙofa, ina jin Lola na tambayarsa ko ƙafarsa saiwa ta yi. Zan liƙe takardar da dafaffiyar shinkafa in fita in miƙa masa da hannuna, kuma yau zan dubi fuskarsa. In murnarsa ta yi yawa, na sami amsata tun kafin taki ta iso.

Ki gaida uwar ɗakinki. Allah ya tsare mini ke.

Ƙanwarki mai ƙaunarki ko yaya amsar ta kasance,
Jovelyn