Ƙarin Ruwan Tsoho

Talata da dare, Harobanda

Yau na sha kunya a asibiti. Muna zagayen marasa lafiya, farfesa ya tsaya kan wani tsoho ya ce, "Hadiza, me ke damunsa?" Ni kuwa idona na kan ƙarin ruwansa da ya tsaya. Kafin in ankara na duƙa ina gyara allurar. Shekara bakwai ina infirmiya, wato ma'aikaciyar jinya, kafin in shiga karatun likita, hannu ya saba.

Ya ce, "Madam, wannan akwai mai yinsa. Likita nake tambaya."

'Yan ajinmu suka yi dariya. Wallahi na san amsar, ƙoda ce! Na dai saba yin shiru har likita ya faɗa.

Gobe bakina zai riga hannuna. Amma in ruwan ya sake tsayawa, sai na gyara.